Shaidar Da Na Yi Wa Isiyaku

Kun tashi kuna jin ana cewa Baffanku Isiyaku ya samu taɓin hankali tun yana sabon magidanci, kuma ban taɓa jin ɗayanku ya tambayi wanda ya fara faɗar haka ba. Ni ne. Na faɗa a gaban hukuma, da rana tsaka, yana tsaye kusa da ni, kuma ƙarya na yi. Ina rubuta wannan ne dominku da kuma 'ya'yansa, musamman Hadiza, wadda ta fi kowa ɗaukar nauyin maganar ba tare da ta san daga inda ta faɗo mata ba. Ni mai sayar da taya ne, ban iya kwaskwarimar zance ba. Zan faɗa yadda aka yi, ku yi mini hukuncin da kuka ga dama.

A tsakiyar shekarun saba'in, lokacin mulkin soja, na riga na bar faci a gindin dalbejiya na kama shago a bakin hanyar Kawo, ina sayar da taya da batir. Gidanmu na Unguwar Shanu ɗaya ne: ni da uwarku a ɓangaren gabas, Isiyaku da matarsa Rakiya a ɗakuna biyu na bakin rijiya, Inna mahaifiyarmu a tsakiya tana mulkin kowa daga kan tabarmarta. Ni ban yi boko ba, shi ya yi, kuma da guduma da ƙarfen cire taya na riƙe shi har ya gama. Ya samu aiki a ofishin safiyo yana zana taswira. Mutum ne wanda ba ya cewa wajen ƙarfe biyar. Sai ya duba agogo ya ce biyar saura minti bakwai. Idan ka ce masa wuri ba nisa, sai ya tambaye ka taku nawa. Abin yana ba ni haushi wani lokaci, amma ina alfahari da shi, domin duk layinmu shi ake kira idan za a raba fili ko a karanta takardar hukuma.

Wata rana a ƙarshen damina Isiyaku da leburori suna dawowa daga awon fili ta wajen Rafin Guza, lokacin nan yawancinsa gonaki ne da lambuna, ana gab da kiran Magariba, sai ya ga fitilu uku a sama sun jeru kamar duwatsun murhu. Babu ƙara. Suka yi tafiya tare, suka tsaya cik, sannan suka ɓace ba tare da sun faɗi ko'ina ba. Leburorin da ke tare da shi suka nemi tsari suka ƙara sauri. Shi kuwa ya tsaya ya rubuta lokacin a tafin hannunsa. Ina so ku riƙe wannan da kyau: bai taɓa cewa aljanu ne ba, bai taɓa cewa baƙi ne daga wata duniya ba. Cewa ya yi bai san mene ne ba, kuma rashin sanin ne ya hana shi sakat.

A wajen mai sayar da tsofaffin mujallu, irin waɗanda masu dafa wa Turawa abinci ke fitowa da su daga gidajen iyayen gidansu, ya haɗu da Malam Yohanna, malamin makaranta mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a Kurmin Mashi. Shi ma ya taɓa ganin wani abu a garinsu ya rasa wanda zai faɗa wa. A cikin mujallun suka karanta cewa a ƙasashen Turawa akwai mutane, ba ma'aikatan gwamnati ba, masu tara labarin irin wannan gani suna bincikawa ɗaya bayan ɗaya. Suka ce su ma za su yi. Na ukunsu shi ne Ɗanlami mai hoto, wanda ya shiga saboda yana da kyamara da babur. Kowace Lahadi bayan La'asar suna zaurenmu, mutanen unguwa kuwa suka sa musu suna 'yan duba sama. Ranar da Inna ta ji cewa Turawa suna kiran abin faranti mai tashi, ta kira Rakiya ta ce ta kife farantanta ta ɗora musu dutse, kada a wayi gari sun bi 'yan'uwansu. Malam Yohanna ya yi dariya har shayi ya shaƙe shi. Inna tana son mutumin nan. Ita ce ke ajiye masa ƙanzo.

Aikinsu ba wasa ba ne, na gani da idona. Da sun ji an ce wane ya ga wuta a sama, sai su je har gidansa. Su tsayar da shi daidai inda ya tsaya, su tambaye shi abin yana dama da alƙibla ne ko hagu, su sa ya miƙa hannu ya auna tsawonsa daga ƙasa da dunƙulen hannu, ɗaya bisa ɗaya. Tun da yawancin mutane ba su da agogo, Isiyaku yakan tambaya tsakanin wace salla da wace, kuma Fatiha nawa mutum zai karanta kafin abin ya ɓace. Idan Kirista ne, Malam Yohanna ya tambaye shi da addu'ar da ya saba. Kowane labari da katinsa, wanda suke yankawa daga kwalin sukari, da sunan mutum da unguwarsa. Dokar Isiyaku ita ce a rubuta abin da mutum ya faɗa yadda ya faɗa, ko da ya ce abin ya yi masa sallama, ba a gyara masa baki. Bayan haka sai bincike. Idan sun gano mene ne, Isiyaku ya rubuta a ƙasa da jan biro: wannan tauraruwa Zara ce, wannan balan-balan ɗin masu duba yanayi ne, wannan fitilar mafarauci ce a kan tudu. Waɗannan suna shiga babban akwatin ƙarfe da aka rubuta wa "An gane." Waɗanda suka gagara, da labaran da babu yadda za a bincika su, suna shiga wani ƙaramin akwatin katako. Babban ya cika har ana danna murfinsa da gwiwa. Ƙaramin bai kai rabi ba.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne jirgin sama, domin ba mu da nisa da inda jiragen soja ke tashi da sauka. Saboda haka Isiyaku ya buɗe wani littafi dabam. Kowane yammaci idan ya tashi aiki sai ya hau wani tudu a bayan Kurmin Mashi da tabaron hangen nesa, ya rubuta kowane jirgi: ƙarfe nawa ya tashi, ina ya nufa, fitila nawa gare shi, har ya zana siffarsa. A shafin farko ya zana taswirar wurin, mai kyau kamar ta ofis. Manufarsa idan wani ya ce ya ga wuta ran Talata bayan Magariba ta arewa, ya buɗe littafin ya ga ko jirgi ne. Na taɓa ɗaga littafin na ce masa wannan kam ban so shi ba. Ya ce mini idan babu shi, duk sauran aikin tatsuniya ne. Na bar maganar, domin ina da tayoyi a hanya daga Legas kuma hankalina yana can.

Sai shekarar ta zo da hargitsi a cikin soja. Ku tambayi duk wanda ya ga lokacin. Gari ya yi tsit, an datse hanyoyi, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Ɗanlami ya daina zuwa zaure. Malam Yohanna ya ce a dakata tukuna. Isiyaku ya ce idan aka bar giɓi a littafin, duk labarin da ya zo a kwanakin ba za a iya tantance shi ba. Ranar wata Alhamis da La'asar sojoji masu sintiri suka same shi a kan tudun, da tabaro a ido, da littafin a cinya, suka tafi da shi. Wani mai kiwo ne ya turo keken Isiyaku har ƙofar gida ya faɗa mana.

Kwana shida ina yawo. Ba a bari a gan shi, ba a ma yarda a ce yana nan ba. Duk hanyar da ɗan kasuwa ya sani na bi, aka mayar mini da gaisuwata. A rana ta bakwai na je wurin wani tsohon saje da ya yi ritaya, mai motocin haya biyu, wanda ya daɗe yana sayen taya a wurina. Ya yi kwana biyu yana tambaya, sannan ya zo shago ya ja ni bayan tarin tayoyi. Ya ce ya ji labarin littafin. Ya ce mai zana taswirar gwamnati, da lokutan jirage na wata da watanni, a irin wannan lokaci, ba maganar ɗauri ake yi ba.

"Mai taya, abu biyu ne," in ji shi. "Ko ɗan leƙen asiri, ko mahaukaci. Babu layi na uku a takardarsu. Hafsan da ke riƙe da maganar yaro ne mai tsoron Allah, yana neman dalilin da zai sake shi bai samu ba. Ka kai masa dalili."

A kan hanyar gida na gama shawara. Ban yi istihara ba, ban nemi malami ba. Na auna abin kamar yadda nake auna kaya: ga rai a gefe ɗaya, ga suna a gefe ɗaya, kuma a ganina suna ana iya gyara shi daga baya.

Na tara Inna da Rakiya da uwarku, na aika aka kira Malam Yohanna. Da na faɗi abin da zan yi, Malam Yohanna ya miƙe tsaye. Ya ce a ɗauki babban akwatin a kai musu, shi zai je ya yi bayani, duk wanda ya karanta kati goma zai gane amfanin littafin jirage. Na tambaye shi rubutun wa ke kan rabin katunan. Ya ce nasa. Na tambaye shi sunayen mutum nawa ne a ciki, da unguwanninsu.  Na ce masa akwatin nan shaida ce cewa masu hankali uku ne suka zauna suka tsara aiki, kuma masu hankali uku da littafin jirage sunansu ƙungiya. Za a riƙe Isiyaku, a zo a ɗauke shi Malam Yohanna, a ɗauke Ɗanlami, a bi gidajen mutane ɗaya-ɗaya. Ya koma ya zauna ya dafe kansa. Yana da 'ya'ya biyar.

Rakiya ce ta yi magana daga bakin ƙofa, da Hadiza goye a bayanta.

"Yaya, ka tambaye shi?"

Na ce ta ina zan tambaye shi, ba a bari a gan shi.

"To ni dai bakina ba zai faɗa ba. Mijina lafiyarsa ƙalau. Ya fi mu duka hankali."

Inna ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari. Ta dube ni ta ce, "Kai wannan, ko me za ka ce ka ce. Ka dawo mini da ɗana yana numfashi."

Washegari na rubuta takarda ta hannun wani akawu, cewa Isiyaku ya yi zazzaɓi mai zafi yana yaro, tun daga nan kansa yake juyawa lokaci-lokaci, kuma shekarun nan abin ya koma kan kallon sama. Inna ta dangwala yatsa. Mai unguwa ya sa hannu bai karanta ba, ya ce tun da daga bakina ta fito shi ke nan. Dattawa biyu na masallacinmu suka sa nasu. Da hantsi na ɗauki babban akwatin a bayan mota na kai bayan shago, na zazzage katunan a cikin wata tsohuwar taya, na zuba kananzir. Ba wanda ke tambayar baƙin hayaƙi a wurin masu taya. Na yi haka ne don ina tsoron a zo bincike gida. Aikin shekara huɗu ne, da jan bironsa a ƙasan kowane kati, kuma bai kai tsawon cin abincin rana ba ya zama toka. Ƙaramin akwatin na buɗe na cire duk katin da ke da rubutun Malam Yohanna, na yanke sunayen mutane da reza, na jera waɗanda suka fi ban mamaki a sama, kamar yadda ake jera kaya masu kyau a bakin shago.

A rana ta sha tara aka shigar da ni wani ofis mai fanka. Hafsan ba mugu ba ne, gajiya ce a fuskarsa. Aka shigo da Isiyaku ba takalmi, ya rame, gemu ya fito masa, amma da ya gan ni ya yi murmushi ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ya Inna?" Da ya hangi ƙaramin akwatin a kan tebur sai fuskarsa ta saki. Ya zaci na zo da aikinsa ne in wanke shi.

Hafsan ya ɗauki katin sama ya karanta da ƙarfi. Na wata tsohuwa ne a Rafin Guza da ta ce ta ga wuta kamar ƙwarya ta sauko kan rumbu ta kira sunan mijinta da ya rasu. Na biyu na wani manomi ne da ya ce tire ya sauka a gonarsa yana ƙamshin turare. Ya tambayi Isiyaku ko rubutunsa ne. Ya ce nasa ne, amma a bari ya yi bayani. Ya fara bayanin dunƙulen hannu da alƙibla da Fatiha nawa, a tsanake, dalla-dalla, yadda ya saba. Wani kurtu a bakin ƙofa ya toshe bakinsa. Duk yadda ya ƙara tsara bayanin, haka yake ƙara zama abin da na rubuta a takarda. Can ya lura. Ya juyo gare ni.

"Yaya, ina babban akwatin? Ka nuna musu waɗanda muka gane."

"Wane akwati?" na ce.

"Na ƙarfe. Wanda ke ƙarƙashin benci a zaure."

Na dubi hafsan, na girgiza kai kaɗan, irin girgizar da ake yi a gaban marar lafiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gani ko? Haka muke fama. Babu wani akwati. Ƙanena ba shi da lafiya."

Ba a ma sa ni rantsuwa ba. Isiyaku bai ɗaga murya ba, bai ƙaryata ni ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuyar da kai har aka gama rubuce-rubuce. Aka riƙe littafin da tabaron, aka danƙa mini shi da sharaɗin in kai shi asibiti kuma kada a ƙara ganinsa a kan tudu. A mota ya zauna a baya. Da muka iso gida Inna ta rungume shi tana kuka, ya gaishe ta da ladabi, ya wuce zaure ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin benci. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwarsa ya shiga ɗaki.

Abin da ban sa a lissafina ba shi ne takarda tana da kofe. Guda ta tafi ofishinsu. Kafin ƙarshen wata aka sallame shi saboda rashin lafiya. Dattawan da suka sa hannu kuwa suna da mata, matan suna da maƙwabta. Ba wanda ya tsane shi. Da tsana ce da ta fi sauƙi. Tausayi aka yi masa. Aka daina kiransa rabon fili. Aka daina kawo masa takarda ya karanta. Idan ya shiga sahu sai a matsa masa fiye da yadda yake bukata. Na ba shi kujera a shagona don kada ya zauna haka nan, kuma cikin wata guda ya san lambar kowace taya fiye da ni. Amma direba zai tambaya, Isiyaku ya faɗa masa daidai, direban ya ce masa "to, madalla, Malam" da murya mai taushi, sannan ya juyo ya dube ni in tabbatar. Idan ana hira ya faɗi ra'ayinsa, kowa ya gyaɗa kai a wuce. Daga shekarar nan ba wanda ya sake yi masa gardama a Unguwar Shanu. Malam Yohanna kaɗai ke zuwa ran Lahadi ya zauna ya ja da shi a kan ruwan sama ko siyasa, da gangan, har su ɗaga murya. A ranakun nan ne kawai nake jin muryar ƙanena ta dā. Bayan shekara uku aka yi wa Malam Yohanna canjin wurin aiki.

Bai ƙara ɗaga kai sama ba, a iya sanina. Idan wani ya zo da labarin ya ga wuta, domin har bayan haka akan zo, sai ya ce a je a tambayi masu hankali. Rakiya ta ci gaba da gaishe ni kowace safiya tana durƙusawa, tana kawo mini abinci idan girkinta ne, amma ba ta sake haɗa ido da ni ba har muka raba gida.

Na yi ƙoƙarin warwarewa, kada ku ce ban yi ba. Da aka koma mulkin farar hula, tsoro ya ragu, na zauna a majalisar ƙofar masallaci bayan La'asar na faɗa musu duka: maganar saje, da takardar, da akwatin da na ƙona. Suka saurare ni har ƙarshe. Sai ɗaya daga cikin dattawan da suka sa hannu ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya saka mini da alheri, haka ake son ɗan'uwa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, amma ai larura ba abin kunya ba ce. Wani ya ce shi ma ya daɗe da lura da idon Isiyaku tun kafin abin ya faru. Shekara da shekaru na yi ina gina suna a kasuwa cewa idan na ce taya sabuwa ce to sabuwa ce. Da wannan sunan na sayar musu da haukan ƙanena, kuma suka ƙi yarda in karɓi kayana. Shaidar da za ta goyi bayana kuwa ni na ƙona ta da hannuna.

Hadiza, yanzu kin san dalilin da ya sa gida biyu suka kawo gaisuwa suka janye ba tare da an faɗa miki laifinki ba. Bincike suka yi aka ce musu akwai hauka a jini. Kin kuma san dalilin da ya sa ranar ɗaurin aurenki ni na zama waliyyi mahaifinki yana raye. Liman ne ya ja ni gefe ya ce wanda ba shi da cikakken hankali ba ya ba da aure. Na yi masa bayani, ya ce ya fahimta, amma a yi abin da ba za a yi surutu ba. Mahaifinki ya sa babbar rigarsa ya zauna a bayan taro yana amsa barka.

Sau ɗaya muka yi maganar ni da shi, a ciwonsa na ƙarshe, wata rana da La'asar yana kwance a inuwar rumfa. Ni na fara. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a mota, kuma ya san da ban yi haka ba mai yiwuwa da ba a sake ganinsa ba, domin ya ga abin da ya gani a inda aka tsare shi. Na ji sanyi a raina, har na fara godiya. Sai ya ci gaba.

"Amma Yaya, da ka bar ni na zaɓa."

"Da me za ka zaɓa?"

"Ban sani ba. Wataƙila abin da ka zaɓa. Amma da ni na faɗa da bakina, da na san ƙarya ce. Da kai ka faɗa, kowa ya yarda, Inna ta sa hannu, akwatin kuma babu shi, akwai shekarun da ni kaina nakan zauna in ce, anya kuwa akwai akwatin nan?"

Ban taɓa gaya masa na ƙona shi ba sai a ranar. Na ɗauka ya sani. Ya rufe ido ya ce alhamdu lillahi, ashe dai akwai shi. Ya tambaye ni ko ya cika kamar yadda yake tunawa. Na ce ya cika har sai an danna murfin. Ya gyaɗa kai, ya ce in ba shi ruwa.

Bayan kwana tara ya rasu. An yi masa jama'a sosai, domin mutane suna sonsa. Da aka gama rufe kabari, muna tsaye ana shirin addu'a, wani dattijo mai yawan shekaru ya kama hannuna ya ɗaga murya don kowa ya ji, da nufin ya ƙarfafa mini zuciya. Ya ce kada in yi baƙin ciki, irin su Isiyaku ba su da hisabi, an ɗauke masa alƙalami tun yana matashi, ya huta. Jama'a suka amsa. Ana faɗar haka ne a kan mutumin da bai taɓa yin sallar da ba ya cikin hayyacinsa ba, wanda ya yi azumi da haƙuri da sani, ya rayu yana jin kowace kalma da aka faɗa a kansa. Duk unguwar tana wurin, 'ya'yansa maza suna tsaye a gefena, kuma babu sauran soja ko takarda da zan ji tsoro. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Haka ne, Allah ya jiƙansa."

Sau biyu ke nan na yi wa ƙanena shaidar zur. Ta farko ta fito da shi da rai. Ta biyun ba ta ceci kowa ba.